Bokitin Lukeriya

A ƙauyenmu na bakin kogin Volga a ƙasar Rasha, taron gari ba ya yanke magana sai an sha bokitin barasa a kanta. Ko gada za a gyara, sai bokiti ya zagaya.

Shekarar da aka kwashe mazanmu zuwa yaƙin Jamus, gwamnati ta rufe shagunan giya na ɗan lokaci. Lukeriya matar maƙeri ta ce ɗan lokaci bai ishe ta ba. Ta bi mu gida-gida, har gonar kabeji, tana cewa, "Mijinki ba ya nan, ke ce maigidan yanzu. Zo taron gari ki ɗaga hannu."

Muka cika filin coci. Tsofaffin da suka rage suka yi ta gunaguni, amma mun fi su yawa. Aka yanke cewa shagon giyar ƙauyenmu ya rufu har abada.

Sai dagaci Yefim ya shafa gemu, sabo ya ja bakinsa, ya ce, "To, a kawo bokiti mu ɗaure magana!"

Wuri ya ɓarke da dariya. Lukeriya ko murmushi ba ta yi ba. Ta je rijiya ta ɗebo ruwa, ta dire masa.

"Sha, Baba Yefim."

"Haba 'yata, ruwa ai ba ya ɗaure magana."

Ta ture ɗankwalinta baya, tabon goshinta ya bayyana. "Shekara da shekaru kuna ɗaure ta da giya, a jikinmu take kwancewa. Sha."

Dariya ta ɗauke. Ya durƙusa ya sha.