Waken da Ya Saɓa wa Farfesa

Farfesa ne ya koya mini cewa a ɗakin gwaji ido ke fara magana kafin baki. Saboda wannan maganar na zaɓi yin bincike a ƙarƙashinsa.

Ya haƙiƙance cewa ruwan gishiri kashe irin waken da nake bincike a kai yake yi. Na shuka a tukwane, na riƙa zuba musu ruwan gishirin. Wasu suka bushe, wasu kuwa suka yi kore shar. Wata safiya na iske korayen a kwandon shara.

"Ranka ya daɗe, me suka yi?" na tambayi Farfesa.

"Gurɓatattu ne," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ka duba su?"

"Me zan duba? Ai ba zai yiwu su rayu ba."

Na tsuguna gaban kwandon. Ɗaya har ya fara fure.