An Yanke wa Auta Hukunci

Tana tsakiyar guga mai aski ya zo da labarin. Gaishe ta ya zo yi, kamar yadda ya saba tun rasuwar autanta, sai baki ya kuɓuce masa.

"Ai Mama, ranar hutun nan aka yanke wa Auta hukunci."

Ta ajiye dutsen guga. "Wane Autan?"

Ya shiga kame-kame. Ashe a wasan nan ne da suke yi a bayan shagon tela. Ta san wasan sarai, don ta sha yi wa Auta faɗa a kansa: ƙarti da gemu su kewaye tebur, tela yana ba da labari, kowa da mutuminsa a cikin labarin, abin da ka ce shi mutuminka zai aikata. Mutumin Auta mai tsaron ƙofar gari ne. Da Auta ya rasu tela ya kasa taɓa shi, ya bar shi a tsaye a bakin ƙofar. Sai wani sabo ya shigo wasan, ma'aikacin banki, aka ba shi alƙalanci. Ɓarayi suka shiga garin, alƙali ya sa a kira mai tsaro, ba wanda ya amsa. Ya yanke cewa ya gudu daga bakin aiki, a kankare sunansa daga bangon gari, a riƙa ce masa maci amana.

"Ku kuna ina?"

"Mama, dokar wasan ce. Wanda ke riƙe da sandar alƙali, maganarsa ta zauna."

"Da kafaɗarka ka ɗauki yaron nan zuwa kabari. Bakin ne ya yi maka nauyi?"

Ya sunkuyar da kai. Rigar da take gogewa ta ƙone a wuya.

Ranar hutu da rana sai ta tafi shagon tela, ta ratsa tsakanin kekunan ɗinki ta ɗaga labulen baya. Ɗakin na warin man keke da zufa. Suka miƙe a ruɗe, ana neman kujerar da za a ba ta, ta ja wadda ba kowa a kai, don ta san ta Auta ce. A cikin gwangwanin maɓallai ta hango ɗan mutum-mutumin da Auta ya naɗa da wayar lantarki, har da mashinsa, an kife shi.

"Wane ne alƙalin?"

Wani mai tabarau ya ɗaga hannu, da awon tela a gabansa, wai shi ne sandar.

"Na zo ɗaukaka ƙara."

Tela ya yi gyaran murya. "Mama, a teburin nan sai mai mutum a cikin labari ke magana."

"Shi mai tsaron ƙofar daga sama ya faɗo? Ba shi da uwa?"

Tela ya sauya murya ya ce, "Wata tsohuwa ta shigo kotu."

"Tsohuwa ce ta haife ka," in ji ta. Wani ya ƙunshe dariya.

Mai tabarau ya turo mata ɗan lido mai fuskoki da yawa. "Baba, ki jefa. In ya faɗi da babbar lamba, kotu za ta saurare ki."

Ta ture shi da bayan hannu har ya faɗa ƙarƙashin tebur. "Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san ba a yi wa mutum shari'a a bayan idonsa. Ka aika gidansu? Ka tambayi maƙwabta? An ba ka sanda, sai ka fara da wanda ba zai iya ramawa ba. Yaron nan, ko da zazzaɓi ake kiransa gyaran wuta sai ya tafi. A kan tsani ajali ya same shi, a bakin aikinsa. Shi ne ya gudu?"

Mai tabarau ya dubi tela, ya dubi mai aski. "Rasuwa ya yi? Ni ce min aka yi ya daina zuwa."

Ba wanda ya ɗago kai.

"Ka ji su," ta ce. "Sun gwammace a ce masa maci amana da su buɗe baki su ce ya mutu."

Mai tabarau ya cire tabaraun ya goge, ya ɗauki awon ya buga a tebur. "Kotu ta janye hukuncinta. Mai tsaro ya faɗi ne a bakin ƙofarsa. A mayar da sunansa."

"A saman bangon," ta ce.

"A saman bangon."

Ta sa hannu a gwangwanin ta ɗauki abinta. Tela ya ce ta bar musu shi, za su girmama shi. Ta ce sun riga sun nuna mata irin girmamawarsu.

Mai aski ya zo ba da haƙuri ya fi a ƙirga, har yau ciki-ciki take amsa masa gaisuwa. Kullum da safe kuwa, kafin ta ɗora ruwa, takan ɗauko mai tsaron ƙofar ta miƙe masa mashinsa da ke yawan lanƙwashewa, ta tsayar da shi a kan taga yana kallon titi.