Burodin Farko

"A'a, Clara, kar ki ce fushi. Fushi na yara ne. Ni ajiye aiki na yi, kuma da ƙafata na fito, ba wanda ya kore ni."

Nana Hafsat ke nan, zaune kan tabarma a ƙofar gidansu a Samaru, tana amsa wa abokiyar aikinta da aka turo ta lallashe ta. Sati uku rabonta da gidan burodin nan na Sabon Gari, inda ta shekara ashirin da biyu tana shafa wa gwangwanayen gashi mai.

Kuma kar wani ya ce ba ta kewar wurin. Har yau da ta sallame asuba sai ta ɗaura zane, ta lalubi takalmi, sai ta kai bakin zaure sannan ta tuna ba inda za ta. Ta tsaya nan tana jin kwandastoci na kiran Sabon Gari, Sabon Gari, hancinta na neman ƙamshin da ba ya isowa Samaru.

Zamanin marigayi Baba Bamidele, mai gidan burodin, akwai abin da ba a fasawa. Burodin da ya fara fitowa daga wuta ba na sayarwa ba ne. Tsohon zai gutsura da hannunsa, ya fara kai wa bakinsa, sannan ya miƙa wa kowa, tun daga Ejike mai kwaɓi har ita mai gwangwani. In ya tauna ya yi shiru, to ranar ba kayan da za su fita, sai dai awakin unguwar Dogarawa su sha biki. In ya ce "Ya yi," da Hausarsa ta Yarbawa, sai Japheth direba ya ta da mota. Dokar gidan ke nan, kuma ba a rubuta ta ko'ina ba.

Da ya rasu, ɗansa Lanre ya dawo daga Legas, wayar salula manne a kunne. Ya kafa wani allo a bango, ya raba musu riguna iri ɗaya, ya rataya wa kowa katin shaida mai hoto a wuya, sai ka ce ɓata za su yi. Nana ta sa Japheth ya karanta mata allon. Wai gaskiya, wai amana, wai tsabta. Ta ce madalla, ashe da can a duhu suke.

Sai kuma wani farin gari ya fara zuwa a ƙullin leda marar suna, ana barbaɗawa a kwaɓi. Burodi ya riƙa kumbura, ya yi kyau a ido, ka matsa shi kamar ka matsa auduga. Na farkon kuwa, Lanre ya ce a daina ɓarna, a ɗaure shi a leda kamar sauran. Ranar da Nana ta gutsura ta miƙa masa a gaban ma'aikata, ya ce ya ƙoshi. Washegari ma ya ƙoshi. Rana ta uku ta ninke rigar aikin ta ajiye masa a kan tebur, ta ɗora hoton a sama.

"Na ji, 'yar nan, na ji. Lanre ya ce ba mai shafa mai kamar ni. Ai ban musa ba. Ejike yana lafiya? Har yanzu yana waƙar cocinsu in yana kwaɓi?" Nana ta kau da kai tana gyara bakin mayafi, ta daɗe tana gyaransa. "Wa ke zama a kan bencina yanzu?"

Ta saurara kaɗan, sai ta ɗaga hannu.

"Dakata. Kin ce Lanre ya rantse farin garin nan ba ya cutar da kowa. To. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke ciki ba. Amma kin ga shagon can na tsallaken titi, mai koriyar ƙofa? Duk yammar duniya sai matarsa ta tuƙo mota tun daga Sabon Gari ta saya wa yaransu burodin wani gida a can. Jiya ma mun gaisa, baiwar Allah har tana ɓoye ledar a bayanta. Ki koma ki ce masa ranar da ta daina zuwa, daga nan zan gani, ba sai ya aiko ba."