Shaidar Kututture

Gidan ya yi wa Maman 'yan biyu: ɗaki biyu, famfo a tsakar gida, ga ƙatuwar bishiya a ƙofa. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai, rafin da ke bayan katanga, don tagar ɗakin yara shi take kallo.

"Baba, ruwa bai taɓa shigowa ba?" ta tambayi mai ba da hayar.

"Ruwa? 'Yata, rafin nan ko kaza ba ya jiƙa wa gwiwa. Shiga ki ga bango, ko ɗigo babu."

Bangon kuwa ƙanshin sabon fenti yake yi.

Ta ce to, amma ranar tarewa za ta zo da ƙanwarta mai binciken itatuwa. Kowace damina bishiya kan ƙara zobe a cikinta, in ambaliya ta maka mata duwatsu sai tabon ya zauna a zoben shekarar. Ƙanwar za ta ɗan huda ta, ta zaro sili ɗaya ta karanta.

Baba ya ce madalla da ilimi.

Ranar tarewa motar kaya ta tsaya, babu bishiya. Sai kututture iya ƙugu, da Baba yana share garin katako.

"Aljanu ne a cikinta," in ji shi. "Saboda yaranki na sare."

Ƙanwar ta ajiye mahujinta, har da tafi. "Baba, Allah ya saka! Da sili ɗaya zan samu, ga shi ka buɗe min duka." Ta sunkuya tana bin zobban da farce. "Yaya, zo ki gani. Tabo, tabo, ga wani dab da ɓawo. Duk ta ɓangaren rafi."

"Akuya ce," in ji Baba.

"Akuya mai zuwa da yashi?" in ji ƙanwar, tana ƙwaƙulo yashi daga tabon.

Baba ya yi tsalle ya ɗare kututturen, ya baza riga ya rufe shi ruf, ƙafafu na reto. "Ni dama nan nake hutawa."

Maman 'yan biyu ta waiwaya wajen motar. Ta jawo yaran ta tsayar da su jikin kututturen. Inda ruwa ya bar tabo ya fi kawunansu tsawo.

Mijinta ya riga ya sauke katifa. "To yanzu ya za mu yi? Mun fa saki wancan gidan."

"Mayar da ita mota, Baban yara. Gidan Inna akwai zaure."