Dutsen Wankin Inna

Mai Hoto ya kusa hamsin, gwiwarsa ta dama kuwa ta girme shi. Sana'arsa hoton fasfo ce a wani ɗan shago mai shuɗin labule, babu abin da ya haɗa shi da daji. Inna, mahaifiyarsa, ce ta tura shi. Yana ta cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma likita ya ce sai haƙuri, ita kuma ta kafe sai ta ga magangarar ruwan da ta girma a kusa da ita kafin duhu ya gama rufewa. Tunda ƙafa ba za ta kai ta ba, sai hoto ya zo ya same ta.

Ya sha mota, ya sha babur, sauran ya taka a ƙasa, kyamara a wuya, mariƙinta mai ƙafa uku a kafaɗa. Ƙudan daji suka yi walima a ƙeyarsa. Da ya iso ya tarar da ruwa na zubowa daga kan dutse, ƙara kamar za ta fasa kunne, ko kaɗan abin bai burge shi ba. Zama ya yi yana tausa gwiwa, yana tambayar kansa wa ya aike shi, alhali ya sani.

Sai dai hannu ya riga ya saba. Ya kafa kyamara, ya rage mata sauri yadda ruwan zai fito sumul kamar madara, irin na jikin kalanda. Feshi na jiƙa gilashin, yana gogewa da bakin riga. Akwai wani ƙaton falalen dutse a hagu, baƙi, duk gansakuka, yana ɓata masa tsari. Ya ja kyamarar ya shiga ruwa har gwiwa don ya fitar da shi. Hotunan da dutsen ya leƙo a ciki kuwa nan take ya goge su, yadda yake goge na wanda ya ƙifta ido a shago.

A hanyar dawowa ruwan sama ya kece. Suna haye gadar katako mai babur ya ce masa wannan kam ta tafi ke nan, babu mai sake shiga dajin sai rani.

Ya wanke hoton babba, ya sa shi a firam, ya kai ɗakin Inna. Ƙanwarsa ta ɗage labule don haske ya shigo. Inna ta kawo hoton dab da idon da ya rage, ta bi shi a hankali daga sama har ƙasa. Ta ce ruwan ya yi fari da yawa, ita ba haka ta san shi ba, amma ba komai. Sannan yatsanta ya gangara hagu, ya kai bakin firam, ya tsaya.

"Ina dutsen wankin? A kansa nake ranar da babanku ya fara yi mini magana."

Ya dubi ƙanwarsa, ta kau da kai. Gajiyar da ta sauko masa a lokacin ta fi ta daji nesa ba kusa ba. Ya kama yatsan Inna ya ɗora a kan wata inuwa da ke kusurwa, ya ce ga shi nan, ruwa ne ya ɗan rufe shi.

Inna ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta miƙa masa hoton, ta gyara kwanciya.

"Sannu da hanya, ɗan nan. Je ka gasa ƙafar nan da ruwan zafi. Gobe in idon ya ɗan washe, ka sake nuna mini."