Layin Alli da Farar Kujera

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki da har yanzu ban gane kansa ba. Amma bari in fara faɗin halin da na shiga barcin da shi.

Wata uku ke nan da aka yi mini aiki a gwiwar dama, bayan jijiyarta ta tsinke a filin ƙwallon unguwarmu, wurin da ɗan shekara arba'in da ɗaya irina ba shi da abin nema. Tun daga ranar a kan farar kujerar roba nake sallah, a ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffi biyu sa'annin mahaifina. Ba abin da nake so a duniya kamar in sa goshina a ƙasa. Malama Kubura, mai yi mini gashin ƙashi a asibiti, ta ce kullum in zauna in jingina da bango, in jawo diddigena zuwa jikina, matata Hansatu ta ja layi da alli a siminti inda ya tsaya. Da farko layukan suna ta matsowa, sai suka tsaya cak. Mako uku ina kan layi ɗaya. Da na ji alamar zafi sai in dakata, don wallahi tsoro nake ji kada abin ya sake tsinkewa. A nan jikin bangon barcin ya same ni.

Sai ga ni a ofishin awon gwiwa. Gwiwoyi ne zaune a benci su kaɗai, ba masu su, kowace tana jiran a kira ta. Wata tsohuwar akuya mai tabarau tana bayan tebur. Ta karɓi katina na asibiti, ta karanta shi a kife, ta cinye.

"Miƙo ƙafar," in ji ta.

Na miƙa. Ta kifa mudu a kan gwiwata, ta share bakinsa da kofato kamar mai awon gero, ta daɗe tana nazari.

"Ranki ya daɗe, na ci gaba kuwa?"

"Ka ci gaba sosai. Ka kai Talata."

"Ina ake so in kai?"

"Talata."

Na yi godiya, don ban ga abin musu ba. Na tambayi ƙofar fita, ta ce ai na riga na fita.

Gaskiyarta, a tsakar gidana nake. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, yana tafiya sama a natse, sai da na ɗaga wandona. Hansatu tana shanya layukan alli a kan igiya, ɗaya bayan ɗaya, tana matse su tukuna. Na ƙirga su na samu goma sha ɗaya, na sake ƙirgawa na samu huɗu, na uku kuwa suka ce in ƙyale su haka.

"Hansatu, wanne ne na yau?"

"Na yau bai bushe ba, Baban Ummi. Ga na wancan makon, yi maneji da shi."

"Ai shi nake ta amfani da shi mako uku."

"To ka ga yana da ƙarko," in ji ta, ta ci gaba da shanya.

Raina ya ɓaci, na fita. Ina cikin tafiya a wani titi da duk gidajensa suka juya baya, sai na ji taku huɗu a bayana. Farar kujerata ce, ta yafa mayafi, tana ɗingishi irin nawa. In na tsaya ta tsaya. In na waiwaya ta sunkuyar da kai.

"Maigida, ina za ka ba tare da ni ba?"

"Wurin ƙasa zan je, mu gaisa."

"Wata uku muna tare," ta ce. "Na taɓa sa ka jin zafi ko sau ɗaya?"

Gaskiya ba ta taɓa ba. Tsofaffin nan biyu na ƙarshen sahu suka leƙo daga cikin wata randa suka ce su shaida ne, kujera mutuniyar kirki ce, in zauna kawai, shekara ashirin kamar yau ne. Na ce zan dawo, na ƙara sauri, ita ma ta ƙara.

Sai hanya ta ƙare a wani fili shimfiɗaɗɗe, ba itace, ba gida. Na yi sallama.

"Wane ne?" in ji ƙasa.

"Mamuda ne."

"Ba na gane mutane da murya. Kawo goshin in gani."

Na taɓa goshina, babu shi. Na laluba aljihu na same shi a nannaɗe cikin takardar magani, na mayar da shi mazauninsa. Na fara sunkuyawa, sai na tsaya daidai inda nake tsayawa kullum. A lokacin ne na hango gwiwata ta dama can ƙasa, ta riga ni isa. Ta durƙusa abinta, sanye da hulata, suna hira da ƙasa kamar tsofaffin ƙawaye. Na duba ƙafata, na duba ta, na rasa wadda zan yarda da ita.

"Ke, tashi! Za ki tsinke!"

"Tun safe nake nan," in ji ta. "Kai muke jira."

"Ba kya jin zafi?"

"Ina ji mana. Sai me? Ni an ɗinke ni tuni, Mamuda. Kai ne ba a ɗinke ba."

Kunya ta kama ni, ga kuma wani kuka da ya taso mini ban san daga ina ba. Na saki jikina. Na yi ta sauka a hankali, ina jin ƙamshin ƙasa yana matsowa, saura kamu ɗaya, saura yatsa uku. Kujera kuwa ta biyo ni da gudu tana jan ƙafafunta, ƙiiii, ƙiiii.

Na buɗe ido. Hansatu ce take jawo farar kujerar a kan siminti, an kira la'asar.

"Tashi, Baban Ummi, ga ruwan alwala."

Na yunƙura zan tashi, sai idona ya faɗa kan ƙafata. Tana lanƙwashe. A cikin barci diddigena ya zame ya wuce layin nan na mako uku, da faɗin yatsa biyu cur. Sai da na gani sannan zafin ya zo, kuma bai kai yadda nake tsoro ba. Ban motsa ba, ko numfashin kirki ban yi ba.

"Hansatu," na ce, "ajiye kujerar tukuna. Kawo allin."