Motar da Kamfani Ya Ce Bai San da Ita Ba

Ƙungiyar direbobin tasi ta fasa ƙaurace wa kamfanin harhaɗa motoci da ke unguwar masana'antu, bayan shugabanta ya shiga ɗakin da aka hana baƙi shiga, ya sa farce ya ɓare leda a jikin wata mota. Wadda ta shigar da shi ita ce mai magana da yawun kamfanin, ɗiyar ƙanwarsa, wadda 'yan jarida ke kira Madam Ba-Haka-Ba-Ne, don da kalaman nan take buɗe kusan kowace sanarwa.

Maganar ta taso ne daga wata mota da aka riƙa gani da safe tana zagaya tituna. An lulluɓe jikinta kaf da leda mai zanen baƙi da fari, a murɗe-murɗe har yana sa jiri, an kuma toshe tambarin gabanta. Haka masu ƙera mota ke yi wa sabon samfuri idan suna gwada shi a titi, don kada abokan gasa su ga siffarsa kafin ranar ƙaddamarwa. Mutanen gari ba su san da wannan ba. Wani mai faci ya ɗauki hotonta tana shiga ƙofar kamfanin, ya tura a waya da bayanin cewa motocin da suka yi hatsari ake kwasowa, a liƙe su, a fesa fenti, a sayar a matsayin sababbi. Kafin rana ta take hoton ya isa kowace tasha.

Madam ta ba manajan kamfanin shawarar a faɗi gaskiya kawai, a huta. Ya ce ƙa'idar hedikwata ita ce ba a amsa cewa akwai samfurin da ba a ƙaddamar ba, ko da yana fake a gaban mai tambaya. Saboda haka sanarwar da ta fita ta ce kamfanin ba shi da masaniya a kan wata mota mai irin wannan kama. Sai dai babu wanda ya tuna ya gaya wa sashen gwaji. Washegari motar ta fito kamar kullum, direbanta har ya tsaya a bakin babbar tasha ya sayi ruwa.

A ranar nan, ƙungiyar direbobi, wadda ta fi kowa sayen motocin kamfanin, ta sa taron yanke shawarar daina hulɗa da shi. Manaja ya gaya wa Madam a fili cewa idan ƙungiyar ta tafi, ita ma ta kwashe kayanta, tunda sunanta ne a ƙasan sanarwar.

Ta sami kawunta, shugaban ƙungiyar, a ofishin tasha, yana zaune ƙarƙashin fanka, direbobi sun kewaye shi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Madam Ba-Haka-Ba-Ne," in ji shi, "yau kuma me ba haka ba ne?"

"Kawu, ka rufa min asiri a gaban mutane mana."

"Ni na tona? Direbanku har hannu muka yi da shi. Ko shi ma babu shi?"

Da aka gama dariya ya sallami direbobin. Ya tuna mata cewa a tasinsa ya riƙa kai ta makaranta, kuma tun a lokacin ba ta iya ƙarya ba, kunnenta take sosawa. Ta sauke hannunta daga kunne. Ta tambaye shi, idan ya ga motar da idonsa, zai iya yin shiru? Ta san abin da take roƙa ba ƙarami ba ne. A gidansu, mahaifiyarta kan ce duk mai son labari ya zagaya dangi ba ya buƙatar waya, ya gaya wa yayanta kawai, wato Kawu. Kawu ya daɗe yana kallon fanka, sannan ya ce ya yi alkawari.

Lokacin hutun cin abinci ta shigar da shi ta ƙofar ma'aikata, da hular kwano da rigar kariya wadda ba ta rufe tumbinsa ba. Ta karɓe wayarsa a bakin ƙofa. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa, kamar yadda direbobi ke yi wa tsohuwar mota don su ji inda aka yi mata ciko. Ya leƙa ƙarƙashinta ya duba walda. Ya ɓare gefen ledar, fenti ya bayyana sumul. Ya buɗe ƙofa ya shaƙi ƙamshin kujerun, ya lumshe ido.

A haka manaja ya shigo ya same su.

"Yallaɓai," in ji Kawu, ko gezau bai yi ba, "motar nan da ba ku da masaniya a kanta, bayanta zai ɗauki kayan fasinja sosai kuwa?"

Manaja ya dubi Madam, Madam ta dubi silin. Manaja ya ce zai ɗauka.

A wurin taron, Kawu ya miƙe ya ce ya gani, ya taɓa, babu ciko ko ɗaya, kuma iyakar abin da zai faɗa ke nan. Aka yi ta tambaya. Launi? Shiru. Inji? Ya cije leɓe, gumi na keto masa. Wani tsohon direba ya ce tun suna samari yake tare da mutumin nan, bai taɓa ganin magana ta kwana a cikinsa ba; abin da ya iya rufe masa baki, ba gwangwanin hatsari ba ne. Aka ɗaga hannu, masu son a ci gaba da saye suka yi rinjaye.

Manaja ya kai wa hedikwata labarin biyu a tare: an tsira da ƙungiyar direbobi, an kuma shigar da baƙo ɗakin gwaji ba da izini ba. Hedikwata ta yaba da na farko, ta kafa kwamiti a kan na biyu. Madam na zuwa aiki kamar yadda ta saba. Kwamitin bai zauna ba tukuna.